Ki Karɓa Tun Tayin Farko

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta, ina sanyin Ingila? Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma ta same ki kin ci abinci. Mu nan Anka lafiya lau muke, wannan karon da gaske nake faɗa. An fara yankan gero, wake ya yi kyau a wajen Adabka. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba.

Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, kuma ba na jin nauyin faɗa, don da aji ukun nan na gina gidan da kika tashi a ciki, na buɗe rumfar hatsi a Anka da Gummi, na kai ki jami'a har ga shi kin tafi ƙasar Turawa ƙaro digiri. Ba wanda ya ɗora ni. Amma maganar waya ba ta zama, ana gamawa ta bi iska, ni kuma in na ji muryarki sai bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na ari biro na zauna a rumfa bayan azahar. In na gama zan kai wa mai shagon kwamfuta ya tura miki.

Bari in fara da labarinki yadda ya iso kunnena. In an yi ƙari ki gyara, don ta bakin innarki ya biyo, kin kuwa san ta.

An ce ranar da kika sauka a gidan tsohuwar Baturiyar nan da makaranta ta samar miki ɗaki a wurinta, Misis Dorati, ta dafa abinci ta yi miki tayi. Ke kuma 'yar gidan mutunci, kika sunkuyar da kai kika ce kin gode, kin ƙoshi. Haka muka koya miki. Baƙo ba ya wawurar tayin farko. Sai an ce masa bismillah ya ce alhamdulillahi, an sake ya rantse yanzu ya ci, sannan mai gida ya tura masa kwano gabansa, ya tashi ya ba shi wuri. Kika zauna kina jiran tayi na biyu. Tsohuwa ta ce to, ta cinye nata, ta wanke kwanonta, ta yi miki sai da safe. Washegari ma haka. Da ta ga kullum amsar ɗaya ce, sai ta daina tayin gaba ɗaya.

Ga shi ba ki san kantuna ba, kina tsoron naman da ba ki san yankansa ba, kina jin nauyin taɓa murhun mutane ba a ce ki taɓa ba. Kika koma ɗaki kina jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙulin da innarki ta cusa miki a jaka. Da shi kike kwana, da shi kike tashi, kina zuwa makaranta jiri yana ɗibarki a hanya. Da ƙuli-ƙulin ya kusa ƙarewa kika kira innarki kina kuka.

"Inna, matar ga ba ta sona. Ko kallona ba ta yi in tana cin abinci. Ni dai gida zan dawo, ko da gurbin karatun zai tahi."

Uwata, gurbin nan sau ɗaya ake ba mutum. Kin fi ni sani, ke kika yi jarrabawarsa. In da kin hau jirgin nan kin dawo, shi ke nan, an rufe.

Ina zaune a rumfa a ranar, mutane sun kewaye ni, ina ba su labarin yadda jirginki ya tashi, kamar ni na tuƙa shi. Sai aka ce innarki tana nemana a gida yanzu yanzu. Na same ta tsaye a tsakar gida da waya a hannu. Ba ta ko bari na cire takalmi ba.

"Alhaji, ɗiyarka tana can yunwa za ta kashe ta, kai kana nan kana ba mutane labarin jirgi."

Na ce, "Wace irin yunwa? Ni da kaina na kira ta na tambaye ta. Ta ce mini tana ci."

Ta dube ni ta ce, "Sau nawa ka tambaya?"

Sau ɗaya na tambaya. Kin tuna. Na ce kina lafiya, kika ce lafiya lau Baba. Na ce kina cin abinci, kika ce ina ci Baba. Na ce madalla, na kashe waya, na fita ina baza labari. Ita tsohuwar tana da hujja, ba ta san mu ba. Ni fa? Ni na haife ki, na san yadda muryarki take in kin ƙoshi, na kuma ji ba haka take ba. Amma amsar da nake so na samu, sai na riƙe ta na gudu da ita. Don haka shawarata ta farko ba taki ba ce ke kaɗai, tawa ce: in kin tambayi mutumin gida lafiyarsa, ki sake tambaya. In Bature ya tambaye ki, ki faɗi gaskiya tun farko, don ba zai sake ba.

Abin da na so yi a lokacin shi ne in karɓi wayar in yi miki faɗa. Har na shirya kalmomin, in ce ba a gidana za ki sauka ba in kin dawo. Allah Ya taimake ni innarki ba ta ba ni wayar ba. Ta sake kiranki ina tsaye ina ji, ta yi miki tambayar da ni ko a mafarki ba zan yi ba.

"Hauwa'u, alkakin da na ƙulle miki daban cikin farar roba, kin ba mai masaukinki?"

Kika ce ba ki ba ta ba, kin ga fuskarta ba ta sake ba.

"To ke kika fara laifi. Kin shiga gidan mace hannu rabbana kina jiran ta yi miki fara'a? Tashi ki kai mata tsarabarta. Ko ta jefar, ke dai kin fita haƙƙi."

Sauran ke kika ba ta labari, ita ta ba ni, kuma tun ranar duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ji shi. An ce kin miƙa robar da hannu biyu kina jiran tsohuwa ta ce a'a, don me kika wahalar da kanki. Ina! Karɓa ta yi. Ba ta ajiye a gefe ba sai kin tafi, yadda muke yi. A gabanki ta ɓalle murfin, ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ya manne mata a haƙora, tana dariya tana neman na biyu. An ce nan kika tsaya kina kallonta, abin ya faɗo miki: ashe mutanen nan in suna so sai su karɓa, in sun ce a'a kuma a'a ɗin suke nufi, kuma haka ta ɗauki taki. Ta ce ko ta dafa shayi? Bakinki har ya buɗe zai ce kin gode, kika kama shi, kika ce e. Sannan kika ƙara da cewa, da Turancinki mai kyau, kina jin yunwa, kin daɗe kina jin yunwa.

Innarki ta ce tsohuwar ta zauna daɓas a kujera. Daga nan ta ja hannunki ta buɗe firji, wajen ƙanƙara, ta nuna miki kajin da ta sayo tun kafin ki iso, daga wurin wani mahauci Musulmi a can ƙarshen gari, har mota biyu ta hau. Ta nuna miki sabuwar tukunya da ta saya dominki, wadda naman alade bai taɓa shiga ba. Ita a zatonta ƙyamar abincinta kike yi, addininki ya hana ki cin na hannunta, ta ji ciwo amma ta ce ba za ta takura miki ba. Kina sama kina kuka ba ta sonki, tana ƙasa tana baƙin ciki ba kya sonta, kaji suna firji suna jira.

Da innarki ta kawo nan, na fita bayan gida na daɗe ina wanke fuska. Alhamdulillahi. Na yi sadakar gero a ranar, ban gaya wa kowa dalili ba.

Yanzu bari in gaya miki daga ina kika gado wannan, don ba daga innarki ba ne.

Tafiyata ta farko kudu, ina saurayi, na bi motar wake zuwa Onica. Mutumin da zai karɓi kayan, wani Ibo ne mai suna Oga Emeka, ya sauke ni a gidansa. Matarsa ta kawo shinkafa da kifi, don ya gaya mata ni Musulmi ne, kada ta sa nama. Na ce na ƙoshi. Ta ɗauke. Da safe ta kawo shayi da burodi, na ce na gode. Ta ɗauke. Na yi ta zagaya kasuwa cikina yana ƙugi, ina sayen ayaba ina ɓuya bayan mota ina ci, kada a ga ɗan Anka yana ci a titi. Na dawo gida na gaya wa kowa mutanen can marowata ne, ba su iya baƙo ba. Na ɗauke kayana daga hannunsa na koma wa wani wanda bai kai shi gaskiya ba. Sai bayan shekaru muka haɗu a kasuwar Gummi, ya zo sayen wake da kansa, ya gane ni. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, kai ne mai raina abincin matata. Har yau tana tambaya me ta yi maka." Na rasa inda zan sa fuskata. Muka ci tuwo tare a ranar, ya kuma karɓa tun tayin farko, har da ƙari.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: kada ki yanke wa mutanen wata ƙasa hukunci da mudun gidanku. In kika ga abin da ya yi miki kama da wulaƙanci, ki ba shi lokaci, ki tambaya. Wani lokaci wulaƙancin ne da gaske, za ki haɗu da shi, ba na yi miki ƙarya. Amma sau da yawa tukunya ce sabuwa a ajiye ba ki gani ba.

Na biyu, makaranta. Ina yawan gaya wa mutane rashin hali ne ya fitar da ni daga sakandare. Akwai wannan. Amma akwai kuma lissafi. Malamin yakan gama bayani ya juyo ya ce kun gane, mu duka mu ce e. Ni na fi kowa ɗaga murya. Ban gane komai ba tun zangon farko, amma ina ɗan babban gida a ganina, yaya zan ɗaga hannu a gaban yaran ƙauye in ce ban gane ba? Na yi ta gyaɗa kai har jarrabawa ta zo ta tambaye ni, ita kuma ba ta karɓar gyaɗa kai. Abin dariya, yau in aka sauke tirela zan gaya miki buhu nawa ne a ciki kafin yaran su gama ƙirga. Kai ina da shi. Baki ne ban buɗe ba.

Ke kin fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma Turancin littafi daban, na bakin masu shi daban. Innarki ta ce kin ce malamanku suna magana kamar suna tauna goro. To, in ba ki ji ba ki ce a maimaita. In ba ki gane ba ki bi malamin ofis. Ba su san gidanku ba, ba su san ko ke 'yar wane ce ba, ba wanda zai kai labari Anka cewa Hauwa'u ta yi tambaya. Wannan ma wata ni'ima ce ta baƙunta, ki ci moriyarta.

Na uku ya fi nauyi, kuma kina wurin. Shekarar da ciwon gubar dalma ya shiga ƙauyukanmu, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara suna ta suma. Mun je Abare duba Baffanki Mudi, yayana, ke kina hutun jami'a. Likitoci suka shigo zaure suna bin gida gida, suka tambaya ko akwai yaro marar lafiya. Jikan Baffan naki, Nasiru, yana ɗaki kwance, ya kwana yana fizge-fizge. Yaya Mudi ya dube ni, ni ne mai Turanci, ni ne mai zuwa birni. Na ce lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne kawai. Ba mugunta ba ce. Haka bakinmu ya saba, ba a buɗe wa baƙo cikin gida, kuma ba a so a ce gidan wane ne ciwo ya shiga. Har sun juya za su fita, sai muryarki ta fito daga bayan labule.

"Ba lahiya ba. Ku shigo ku gan shi."

Na ji haushinki a ranar, kin katse manya. A mota ban yi miki magana ba har muka iso Anka. Nasiru ga shi nan yanzu yana aji biyu, ya fi kowa surutu a gidan. Ban taɓa ce miki kin kyauta ba. Kin kyauta. Daga ranar ne kika ɗora ranki a kan karatun ƙasa da ruwa da gubar da ke shiga cikinsu, shi ya kai ki inda kike. To ki duba, Uwata: kin iya buɗe baki saboda ɗan wani a gaban manyan maza, amma kin kasa buɗe shi saboda cikinki a gaban tsohuwa ɗaya. Ki riƙa yi wa kanki abin da kika yi wa Nasiru. In ba ki da lafiya ki je asibiti ki faɗi inda ke ciwo. In sanyi ya fi ƙarfin rigarki ki faɗa. In kewa ta danne ki ki faɗa. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, ki riƙe ta a suturarki da harshenki da mu'amalarki da maza. Amma kada ki sa ta tsakaninki da abinci, ko magani, ko ilimi.

Tunda na ambaci Baffanki Mudi, bari ki sha dariya. Kin san shi ne ya fi kowa adawa da tafiyar nan, ya ce ba za a girbe dawa ba sai kin dawo. Na yi ta ɓoye masa labarin kukanki don kada ya ce ai ya faɗa. Ashe innarki ta gaya wa matarsa. Sai ga shi a kan babur da sassafe, ƙura har gira, ya tsaya a bakin rumfa bai ko sauka ba.

"Lawali, an ce yarinyar ga ba ta cin abinci?"

Na ce ai an wuce wurin, yanzu tana ci.

"To mi anka yi ba a gaya mini ba? Ina da gero sabo. Wace mota ka zuwa can?"

Na ce Yaya, ba mota, sai jirgi. Ya yi tsaki ya ce to a tambayi jirgin nawa yake ɗaukar buhu. Daga nan ya ce in gaya miki kada ki kuskura ki dawo ba takarda a hannu, don ya riga ya gaya wa mutanen Abare 'yarsu tana can tana koyon gyaran ƙasarsu.

Sauran shawarwarin gajeru ne, kin san su. Ki riƙe salla a kan lokaci, na ji an ce rana tana yi muku wasa a can, yini yana tsawo yana gajarta, ki nemi masallaci ki tambayi yadda suke yi. Ki nemi 'yan'uwa Musulmi, amma kada ki tsaya a kansu kaɗai, ba don ki zauna da irinki kika ƙetare teku ba. Tsohuwar nan ki riƙe ta kamar kakarki. Ki gaishe ta da safe irin gaisuwarmu, ko da ta amsa da kalma ɗaya. Kuka da daddawa suna cikin jakarki, ki yi mata miya a sabuwar tukunyar nan ranar da ba ki da aji. In ta ce ba ta so, kada ki ji ciwo, kuma kada ki tura mata kwano. Ki ce mata wani tsoho a Anka yana gaishe ta, ya gode, Allah Ya saka mata da alheri, Ya shirye mu baki ɗaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ari biron.

Ranar da muka raka ki filin jirgi, kin durƙusa kin yi mini sallama, sannan kika ce, "Baba, in riƙa kiranka?" Na ce ba sai kin kira ni ba, ki kira innarki, duk ɗaya ne, ni harkoki sun yi mini yawa. Kika ce to. Kika ɗauki jakarki kika shige. Na tsaya ina kallon bayanki ina jiran ki juyo ki sake tambaya. Ba ki juyo ba. Tun ranar wayata tana aljihun gaba, in ta yi ƙara sai in ga mai neman wake ne. Innarki tana ɗaki tana dariya da ke a waya, ni ina tsakar gida ina gyara buta da ba ta lalace ba, don in ji abin da ake cewa.

Ba duk ɗaya ba ne. Harkoki kuma ba su yi mini yawa ba. Tunda yanzu kin koyi al'adar mutanen can, bari ni ma in gwada ta sau ɗaya kafin in mutu. Ina so ki riƙa kirana. Ni, a wayata. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina rumfa, ba na komai. In na ce miki ina sauri, ƙarya nake yi, ki ci gaba da magana.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe ƙirjinki, Ya sa ki gama lafiya. Ya tsare ki daga ciwo da sharrin hanya da mugun aboki. Ya dawo mana da ke a lokacin da ya dace, ba kafinsa ba, Ya sa muna raye mu tarye ki. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawali Maiwake, Anka.